Giwan Ruwan da Gwaggo Ta Aiko

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga 'yata, Sarkin Tambaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan ƙalau, in ban da gwiwata ta hagu da ta mayar da ni mai sallah a kan kujera. Kada ki tsaya juya takardar nan kina neman wace ce. Ni ce Gwaggonki mai shagon kifi, 'yar wan kakanki, wadda kika yi hutu ɗaya a gidanta kina shekara tara, kika hana ni sakat: me ya sa kifi ba ya rufe ido, yana shan ruwa ko ba ya sha. Shekara goma sha shida ke nan ban sa ki a ido ba. Babanki ne ya ba ni adireshinki. Ya ce yanzu a ɗakin gwaje-gwaje kike aiki, wai ko tsokar kifi aka miƙa miki, ba kai ba fata ba ƙaya, sai ki faɗi sunansa har da na ubansa. To, yau ranar amfaninki ta zo.

Kin san sana'ata. Tsokar giwan ruwa nake sayarwa, wadda ke zuwa a daskare cikin kwali, masu gidajen abinci ne abokan cinikina. Shekara goma sha tara wurin mutum ɗaya nake ɗauka, mai ɗakin sanyin nan na bayan tasha, wanda muke ce wa Mai Ƙanƙara. Ba zan ci amanar gaskiya ba, ya yi min halacci. Lokacin da mijina ya rasu ina zaune a ɗaki ban san inda kaina yake ba, shi ya riƙa kai wa masu gidajen abincin kifi da hannunsa da sunana, don kada su guje ni.

Amma wata biyu ke nan kifin ya sauya. In na narkar da shi sai ya yi lugub, ruwa na tsiyaya kamar an matse soso. Giwan ruwa na gaske ki danna shi da yatsa, tsokar ta taso ta dawo. Gidan abinci biyu sun yi min ƙorafi. Na kuma ji ana cewa akwai wata tarwaɗar ƙetare, fara fat, mai araha, da ake cusawa a kwalin giwan ruwa. Na ja Mai Ƙanƙara gefe na tambaye shi, ya ce kayansa ba su sauya ba. Wato hannuna ne ya haukace? Hannun da ya yi shekara talatin cikin ƙarni?

Direban motar sanyi da ke zuwa garinku duk mako biyu zai kawo miki ƙunshi, yanka ɗaya ne daga firizata. Ki gwada min shi. Ba na iya aika wa 'yata abu hannu rabbana, don haka na haɗa miki da bandar tarwaɗa guda shida, ni na kyafa su da kaina. Na cusa su duka a leda ɗaya na ƙulle tamau, don na san direban nan da kwaɗayi.

Gwaggonki

*

Asabar, 15 ga wata

Gwaggona ta kaina,

Wa alaikumus salam. Wallahi da na ga rubutunki sai da na zauna a kan matakala na yi dariya ni kaɗai, har mai gadi ya leƙo. Allah ya ba gwiwa lafiya. Ni ƙalau nake, sai tsayuwar aiki. Kuma har yau ba ki ba ni amsa ba, yana shan ruwan ko ba ya sha?

Na roƙi shugabarmu, ta yarda in saka naki cikin gwajin koyo. Ta ce in gaya miki ba takardar kai wa hukuma ba ce, tsakanina da ke ne.

Bari in gaya miki yadda muke yi, don kada ki ce duba muke. Kowane kifi yana ɗauke da rubutu a cikin namansa, ƙwayar halittar nan da ake ce wa DNA. Haruffa huɗu ne kacal, amma yadda suka jeru a giwan ruwa daban, a karfasa daban. Nakan yanki tsoka kamar ƙwayar shinkafa, in jefa a 'yar kwalbar roba da ba ta kai ƙaramin yatsana ba, in zuba ruwan maganin da ke narkar da nama, in bar ta cikin ɗumi har tsokar ta ɓace. Sai in sa a injin da ke wulwulawa, in tace, in wanke, a ƙarshe a sami ɗigon ruwa garai-garai. Wani injin kuma ya yi ta ɗumama ɗigon yana sanyaya shi har sau talatin da biyar, kowane zagaye yana ninka ɗan guntun rubutun da muke nema, har ya yi yawan da za a iya karantawa. Na ƙarshe shi ke karanto haruffan, wajen ɗari shida da hamsin, in gwada su da na kifayen da aka riga aka san sunansu a kwamfuta.

In kifi ɗaya ne, zanen yakan fito tsaf, kowane harafi da tsininsa guda. Naki a cakuɗe ya fito, tsini a kan tsini, kamar mutum biyu na magana lokaci ɗaya. Sai na bi da wani gwajin da ke neman kowane kifi shi kaɗai. Akwai giwan ruwa a ciki, akwai kuma tarwaɗa.

Takardar ta cika, ki juya bayanta.

Amma Gwaggo, don Allah kada ki ce wa kowa uffan tukuna. Ƙunshin a narke ya iso min, man bandar da ɓurɓushinta sun jiƙa tsokar har ciki. Injin nan ko ƙurar kifi ya samu ninka ta zai yi, bai san wanne ne na gwaji wanne ne tsaraba ba. Yanka ɗaya ba ya zama kifi biyu. Tarwaɗar da ta fito ma irin tamu ce, ba ta ƙetaren da kike zargi ba. Ni dai bandarki nake tuhuma. Wannan gwajin bai ce komai a kan Mai Ƙanƙara ba, sai an sake.

Bandar kuwa ta yi daɗi, abokan aikina sun ce in tambaye ki ko kina karɓar 'ya'yan riƙo.

'Yarki,
Sarkin Tambaya

*

Laraba, 19 ga wata

'Yar albarka,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa ta yi sauƙi, jiya ma na manta da ita gaba ɗaya. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki!

Ai ina zuwa kan layin nan, “akwai kuma tarwaɗa”, sai na ji kaina ya yi dum. Ban tsaya wata-wata ba, na ninke takardar na zura takalmi, ko mayafin kirki ban ɗauka ba. Ƙarfe tara na safe ne, lokacin da ƙofar ɗakin sanyin ke cike da masu saye da masu dako. Na sami Mai Ƙanƙara da rigar sanyinsa mai kaurin nan yana nuna inda za a jera kaya. Na ɗaga takardar sama na ce, “Jama'a, ku zo ku ji! 'Yata ce ta gwada da inji. Tarwaɗa yake haɗa mana da giwan ruwa!”

Masu saye da masu dako suka juyo. Bai yi faɗa ba, kin san shi ba mai hayaniya ba ne. Ya dube ni kawai ya ce, “Uwar Shago, shekara goma sha tara fa.” Na ce shekarun ne ma suka sa abin ya fi min ciwo. Mutum biyu, mai otal da wata mai dafa abincin taro, suka ajiye kwalayen da suka ɗauka suka yi tafiyarsu a gabansa.

Ba zan ɓoye miki ba, na zaci zan ji sanyi a raina, sai ban ji ba. Da na dawo shago ko ruwa na kasa sha. Fuskarsa ce ke ta dawo min. Amma gaskiya gaskiya ce, ko ba haka ba? Ai ba ni na ce ba, inji ne ya ce.

Na koma ɗaukar kaya wurin wani sabo a ɗaya gefen kasuwar. Ki gaishe da shugabarku, ki ce na gode.

Gwaggonki

*

Asabar, 29 ga wata

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Ni kam ina gama karanta wasiƙarki na ajiye aiki na ɗauko biro.

Innalillahi, Gwaggo, ba ki juya takardar ba! Ki ɗauko ta yanzu ki karanta bayanta. Tarwaɗar da inji ya gani taki ce, wadda kika kyafa min. Ban ce mutumin nan ya haɗa kifi ba, ban kuma ce bai haɗa ba. Cewa na yi ba a sani ba tukuna. Ni ma da laifina. A wurin aikinmu ba a sakin sakamakon da ya gurɓace, zubar da shi ake a sake. Zumuɗin in nuna wa Gwaggona abin da na iya ne ya sa na rubuta, na kuma bar gargaɗin a baya maimakon in fara da shi. Ki yafe min.

Ga ƙaramin akwati nan na ba direba. Akwai kwalabe uku da ruwan sifirit a ciki, reza uku sababbi a takardarsu, da safar hannu. Ki yanka tun kifin yana daskare. Ki fere saman ki yar, ki ɗebo daga tsakiyar tsokar, kamar ƙwayar wake ya isa. Kowane yanka da rezarsa da safarsa. Kada ki taɓa wuƙar shago, kada ki ɗora a katakon da kike yanka a kai, don su ma suna riƙe da kifin jiya da na shekaranjiya. Ki rubuta lamba a jikin kowace kwalba, ki rubuta a takarda daga kwalin da ta fito.

Kuma don girman Allah kada ki haɗa min tsaraba. Ko tsinke ban yarda ba. Na san hannunki zai yi ta ƙaiƙayi, ki daure.

'Yarki

*

Asabar, 27 ga sabon wata

Gwaggona,

Ina yini, ya jiki, ya shago? Mota ta zo sau biyu, duk ina tsaye a bakin titi, direba ya ce ba ki ba shi komai ba. Ya ce dai ya gan ki lafiya, kina zaune a ƙofar shago ba kya kula kowa. In fushi kike da ni, na cancanta, amma ki rubuto ko zagi ne. Shekara goma sha shida ba mu ji juna ba, ba na so a sake wasu a kan leda ɗaya.

'Yarki da ke kewarki

*

Alhamis, 2 ga wata

Sarkin Tambaya,

Gaisuwa. Lafiya lau nake, gwiwa ta dawo da halinta. Ba fushi nake da ke ba, ke ma kin cika tsoro. To, na ɗan yi, na kwana uku. Na ce yarinyar nan da na goge wa majina ita ce za ta ce ban iya karatu ba.

Na juya takardar. Na karanta sau huɗu. Daga nan na ɗora akwatinki a kan firiza na yi wata guda ina kallonsa yana kallona. Tsoro nake ji, in gaya miki gaskiya. In ya fito tarwaɗa, na rasa mutumin kirki. In ya fito giwan ruwa, to ni ce na tozarta bawan Allah a gaban jama'a a kan banza. Duk wanda ya fito ba daɗi.

Abin da ya sa na buɗe shi ne, sabon mai kifin ma ashe gara jiya da yau. Nasa ma in ya kwana biyar a wurina sai ya yi lugub. Duk garin nan an zama macuta ke nan? Na sa safar nan taki, na yi kama da mai karɓar haihuwa, maƙwabciyata mai ɗinki ta yi ta ƙyalƙyala dariya. Lamba ɗaya da biyu daga ragowar kwalayen Mai Ƙanƙara ne, lamba uku daga na sabon.

Ban sa tsaraba ba. Na ji kunya ƙwarai da na miƙa wa direba akwati fayau, ya ce, “Shi ke nan?” Na ce shi ke nan, likita ta hana.

Ki faɗa min gaskiya a layin farko, kada ki kai ta baya.

Gwaggonki

*

Asabar, 11 ga wata

Gwaggo,

Duka ukun giwan ruwa ne.

Ga shi a layin farko, yanzu sai in gaishe ki. Ina fatan kina lafiya, ina kuma fatan a zaune kika karanta.

Zanen ya fito tsaf a kowace kwalba, tsini ɗaya ɗaya, ya dace da na giwan ruwa. Na sa kwalba ta huɗu da ba komai a cikinta sai ruwan magani, yadda muke yi kullum don mu kama gurɓata, ba abin da ya fito a cikinta. Na ba wata abokiyar aikina ragowar ta maimaita ba tare da ta san labarin ba, amsarta ɗaya da tawa. Mai Ƙanƙara bai sauya miki kifi ba.

Amma hannunki bai yi ƙarya ba, Gwaggo, kada ki zarge shi. Kifin ya yi laushi da gaske. Injinmu sunan kifi kawai yake faɗa, ba ya faɗin wahalar da kifin ya sha. In tsoka ta narke ta sake daskarewa, ƙanƙarar da ke cikinta takan yi manyan tsinaye ta huda naman, in aka narkar sai ruwa ya zube ta yi lugub. Ki duba abin da kika rubuta min da kanki: kifin mutum biyu, kowanne sai ya kwana biyar a wurinki yake lalacewa. Firizar nan ita ce dai wadda nake hawa kanta ina cin rake?

Ga gwajin da ba ya bukatar inji. Ki cika kofi da ruwa ki sa a firizar har ya daskare. Ki ɗora maɓallin riga a saman ƙanƙarar, ki rufe, ki bar shi kwana uku. In kin same shi a sama, na yi kuskure. In ya nutse, to firizar na mutuwa tana farfaɗowa ba ki sani ba.

Na san abin da wannan takarda za ta ɗora miki, raina bai so ba. Ba zan gaya miki abin da za ki yi ba, ke kika girme ni, kin kuma fi ni sanin mutumin. Ni dai ina nan, kuma ina alfahari da Gwaggon da ta buɗe akwatin alhali tana jin tsoro.

'Yarki

*

Lahadi, 26 ga wata

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fatan ke ma haka. Ki yi haƙuri da rubutun, tabarau ne ke ta yin hazo.

Maɓallin yana can ƙasan kofi, ƙanƙara ta rufe shi. Na kira mai gyara, ya kwana bai zo ba, da ya zo ya ce in rana ta take injin firizar yakan tsaya na wasu awoyi, in gari ya yi sanyi ya tashi kamar ba abin da ya faru. Robar ƙofar ma ta saki. Ita ce dai firizar da kike hawa. Na tsaya a kanta na ce, ke ma har da ke?

Ranar Laraba na yi wanka na sa kayana masu kyau. Maƙwabciyata ta ce in bari sai Mai Ƙanƙara ya rufe ɗakin sanyin in same shi shi kaɗai. Na ce a'a, a gaban mutane na zubar masa da mutunci, a gabansu zan kwashe. Ƙarfe tara na isa. Masu dako na ganina suka fara zunguren juna. Na tsaya daidai inda na tsaya wancan karon, na ɗaga murya yadda na ɗaga, na ce, “Jama'a, ni ce na ce mutumin nan yana haɗa kifi. Ƙarya na yi masa. Kifinsa giwan ruwa ne, firizata ce ta lalace, bakina kuma ya riga hankalina. Ku shaida ina neman gafararsa.” Gwiwar nan ta ƙi lanƙwasuwa, da durƙusawa zan yi.

Ya cire safar hannunsa ya ce, “Uwar Shago, ya wuce. Allah ya yafe mana gaba ɗaya.” Har kujera ya sa aka kawo min. Daga nan na taka har wurin mai otal da mai dafa abincin taro na gaya musu da bakina. Matar ta koma wurinsa. Mai otal ya ce ya riga ya saba da wani, ba yadda ban yi ba. Wannan yana wuyana.

Jiya na je ɗaukar kaya, karo na farko. Ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi gwiwa, ya tambaye ki. Sai ya ɗauko kwali ya ɗora a tebur, ya sa wuƙa ya yanke igiyar, ya buɗe, ya juyo min da shi. Ya ce, “Duba.” 'Yata, tun da nake da shi bai taɓa buɗe min kwali ba, ni ma ban taɓa cewa ya buɗe ba. Ɗauka nake in tafi. Na ce, “Haba, rufe mana.” Ya ce, “A'a, gara ki duba.” Ba da gatse ya faɗa ba, da ma da gatsen ne da ya fi min sauƙi. Na sa hannu na taɓa kifin, ban ga komai ba don idona ya cika.

Na yi kuka a hanya, ba zan ɓoye miki ba. Amma kada ki sa damuwa a ranki, ba ke kika ja ba. Kin gaya min gaskiya, kuma na samu 'ya a cikin wannan abin. In kin sami hutu ki zo, ɗakin da kika kwana yana nan, sai dai na cika shi da kwalaye.

Jibi zan koma ɗakin sanyin, kwali biyu zan ɗauka. In ya buɗe, zan tsaya in duba, ba zan ce komai ba. Haka zan yi ta zuwa har ranar da zai manta bai buɗe ba.

Gwaggonki